Wurin da ka saba yin sujada, in an raba ka da shi me ya rage?

Hajiya Rabi U/Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga malamai da dattawan wannan zaure, don Allah a amsa mini da ilimi. Shin wuri yana da rabo a ibadar mutum? Akwai dalilin da zai sa addu'a ta fi fitowa daga zuciya a wani wuri fiye da wani, ko kuwa sabo ne kawai da kewa?

Ni a unguwar Television ta kudancin Kaduna aka haife ni, mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Gidan haya ne, ciki da falo, kuma a kusurwar ɗakin nan Innarmu take shimfiɗa sallayarta tun kafin jiniyar masaƙa ta kira 'yan aikin safe. A gefenta na koyi Fatiha. Rikicin addini na Fabrairun 2000 ya tashe mu, muka tsallako kogi zuwa arewacin gari, ba mu koma ba. Yau alhamdu lillahi ina gidan kaina, har ɗaki na ware don salla, da darduma mai laushi. Amma natsuwar da nake samu a kan wancan siminti mai tsaga ban sake samun irinta ba. Har tsoro nake ji ko imanina ne ya yi rauni.

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi abin da ke cin raina ke nan na kasa faɗa. Mu daga Narayi muka taso.

Malam Sani Rigasa:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya ƙara mana imani baki ɗaya. Da farko ki kwantar da hankalinki. Manzon Allah (SAW) ya ce an sanya masa ƙasa ta zama masallaci kuma abin tsarki, duk inda salla ta riski mutum sai ya yi ta a nan. Falala ce da aka keɓe wannan al'umma da ita. Don haka sallarki ta Unguwar Rimi ba ta gaza ta Television da komai ba.

Wuraren da nassi ya fifita sanannu ne: masallacin Makka, masallacin Annabi a Madina, da masallacin Ƙudus. Su kaɗai aka yarda a niƙi gari a tafi takanas dominsu. Bayan su, masallatai gaba ɗaya sun fi sauran wurare soyuwa ga Allah. Kusurwar ɗakin haya ba ta da wata daraja ta ƙashin kanta a shari'a. Ina jaddada haka ne don daga irin wannan son wuri ake zarcewa, a fara shafar bango da ɗibar ƙasa da sunan tabarruki.

Malam Tijjani T/Wada:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin da kuka kawo babu mai ja. Amma Hajiya ba ta ce za ta je ta ɗebo ƙasar ɗakin ba. Tambayarta ita ce me ya sa zuciya take manne wa wuri, kuma addini bai yi shiru a kan wannan ba. Annabi (SAW) ya tsaya ya dubi Makka ya rantse cewa ita ce mafi soyuwar ƙasar Allah a wurin Allah, kuma da ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Maganar wanda aka raba da garinsu ke nan. Sayyidina Bilal da zazzaɓin Madina ya kwantar da shi, kwarurrukan Makka da ruwayenta ya dinga ambato yana begen komawa. Dutsen Uhudu aka ce yana son mu muna son sa, alhali a gindinsa aka kashe Sayyidina Hamza. Sannan Suratuz Zalzala ta gaya mana ranar ƙiyama ƙasa za ta ba da labarinta. Ashe simintin nan mai tsaga shaida ne, yana riƙe da kowace sujada ta Innar su Hajiya, ko da yau an mayar da ɗakin shagon caji.

Malam Sani Rigasa:
Batun shaidar ƙasa gaskiya ne Malam Tijjani, ban musa ba. Son wuri ɗabi'a ce, ba a kama mutum da laifi a kanta. Inda nake tsayawa shi ne kada ɗabi'a ta rikiɗe ta zama aƙida, mutum ya ɗauka Allah ya fi jin sa a can.

Hajiya Rabi U/Rimi:
Na gode malamai. Amma ku lura da wani abu. Ku maza kuna da masallaci, ko an tashe ku kun san sunansa, kuna iya nuna wa 'ya'yanku inda yake. Mu mata namu wurin ibadar ɗaki ne, kuma ɗakin yawanci na haya ne ko na miji. In an tashi, in an rabu, in an sayar da gida an raba gado, shi ke nan. Babu wanda ke lissafa shi cikin abin da aka rasa. Bayan rikici an yi ta ƙirga masallatai da coci-cocin da aka ƙona, wa ya ƙirga kusurwoyin da iyayenmu mata suka kwana suna kai kukansu ga Allah?

Baba Iliya S/Tasha:
Salama gare ku duka. Yawancinku kun san ni Kirista ne, asalina Wusasa ta Zariya, aikin jirgin ƙasa ya kawo ni Kaduna har na yi ritaya. Bari in sa baki, don abin da 'yata Rabi ta faɗa nawa ne, sai dai ita ta tsallaka arewa, ni na tsallaka kudu. A Tudun Wada na zauna tun ina saurayi, a can na yi aure, a can aka haifa mini 'ya'ya, har 2000.

Wurare biyu ne a zuciyata. Na farko cocinmu na Wusasa, St Bartholomew, wanda aka gina a 1929. Wanda bai taɓa shiga ba ya je ya gani: ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da bakan gizo a sama, in ka shiga da rana tsaka sanyi ke tarar ka. Da Hausa muke waƙa, da Hausa muke addu'a, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 aka kammala shi da Hausa. Na shiga manyan coci masu tayal da lasifika a Kaduna da Legas, amma in na rufe ido zan yi addu'a, ƙanshin ƙasar Wusasa nake ji.

Na biyun zai ba ku mamaki. Tagar ɗakina ce ta Tudun Wada, wadda ke kallon wani ƙaramin masallaci. Ladanin wani tsoho ne mai sayar da itace. Da ya ɗaga murya da asuba, ni ma sai in tashi in durƙusa in yi tawa addu'ar. Shi yana kiran nasa mutanen, bai san yana tashin wani Kirista ya gana da Ubangijinsa ba. Yanzu a Sabon Tasha agogon waya ke tashi na, kuma ba ɗaya ba ne.

A wurinmu akwai labarin Yakubu, da dare ya yi masa a daji yana gudun ɗan'uwansa, ya yi matashi da dutse ya kwanta. Da ya farka ya ce hakika Ubangiji yana wurin nan, shi kuwa bai sani ba, ya kafa dutsen ya sa wa wurin suna Betel. Amma kuma Yesu ya gaya wa matar nan ta Samariya a bakin rijiya cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsensu ko a Urushalima za a yi sujada ba, sai cikin ruhu da gaskiya. To kun ga gardamar Malam Sani da Malam Tijjani mu ma muna da ita a gidanmu.

Maman Ummi:
Allahu akbar. Baba, ladanin yana raye?

Baba Iliya S/Tasha:
Ya rasu 'yata. Sai bayan an yi sadakar arba'in labari ya iso ni. Da muna unguwa ɗaya da ni ne zan fara zama a tabarmar gaisuwa.

Abdul Direba Kawo:
Iyayena ku yi mini afuwa, ba raini ba ne, amma ni wannan zancen son wuri tsoro yake ba ni. Ba shi ne ya raba garin nan biyu ba? Kowa ya tashi sai ya ce nan namu ne, can nasu ne. Ni kullum ina kan hanya daga Kawo zuwa Kasuwa zuwa Sabo, ina ganin yadda hira ke mutuwa a mota in mun doshi gada ranar da gari ya ɗan yi zafi. Wani ya cire hula ya sa aljihu, wata ta tura sarƙar gicciye cikin riga. An yi 2000, an yi Nuwamban 2002, an yi bayan zaɓen 2011, kowane karo masallaci da coci ake fara nufa, don an san nan ne zuciyar mutane take. Da mutane sun ɗauki gini a matsayin bulo da kwano kawai, da mai ƙonawa bai sami abin da yake nema ba. Ni a ganina maganar Malam Sani ita ce mafita. Allah na jin ka ko'ina, ka yi sallarka a gefen titi ka wuce.

Ladi Narayi:
Ƙanena Abdul, na fahimce ka, amma ban yarda ba. Wanda ya ƙona wurin ibadar wani ba son wuri ne ya yi masa yawa ba. Bai taɓa sanin abin da wurin yake nufi ga mai shi ba. Wa zai ce wa Baba Iliya ya je ya taɓa masallacin da ladaninsa ke tashin sa addu'a? Yaran da aka yi amfani da su, akasari ba su taɓa cin tuwon salla a gidan maƙwabci ba, ba su taɓa kai shinkafar Kirsimeti gidan Alhaji ba. Kuma abin da ke damuna shi ne yanzu irin waɗannan yaran muke haifa ta kowane ɓangare, don mun raba unguwanni.

Ka dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna a 1995, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya har malaman addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Cikin abubuwan da suka yi har da shiga wuraren ibadar juna. Ba cewa suka yi wuri ba komai ba ne, zuwa suka yi suka ga na juna.

Abdul Direba Kawo:
Anti Ladi, amma watanni kaɗan bayan sa hannun aka sake yi a Nuwamba.

Ladi Narayi:
An sake, ba na ɓoye wannan. Takarda ba ta gyara abin da rabuwar unguwa ta ɓata. Shi ya sa nake cewa maganin yana ƙafa, ba ya bakin alƙalami.

Alhaji Garba Tela:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in kawo nawa, wataƙila ya rikita lissafin kowa.

Allah ya nufe ni da sauke farali. Tun daga sansanin alhazai na Mando nake tanadin hawayen da zan zubar a Arfa, don duk wanda ya dawo haka yake ba da labari. Ranar ta zo, ga ni a filin, ga harami a jikina, ga miliyoyin mutane hannu a sama. Zuciyata ta bushe ƙamas. Zafi nake ji, ƙafata na ciwo, hankalina na kan abokin tafiyarmu da ya ɓace. Na yi addu'o'in da aka koya mana, na sauko Muzdalifa ina jin kamar an ba kowa an hana ni.

Bayan na dawo, 'yata ta zo haihuwa abin ya zo da gardama, aka shiga da ita tiyata da tsakar dare. A barandar asibitin nan, kusa da kwandon shara, na shimfiɗa kwali na yi raka'a biyu. Jama'a, ban taɓa sanin Allah yana kusa haka ba. Ban iya wata doguwar addu'a ba, Ya Hayyu Ya Ƙayyumu kawai nake maimaitawa. Har gobe in na bi ta titin asibitin sai na rage gudun mashin, tsigar jikina ta tashi. To malamai ku gaya mini: wuri mafi daraja a duniya ban ji komai ba, barandar asibiti na ji komai. Ina wurin yake a nan?

Malam Sani Rigasa:
Alhaji, Allah ya karɓi aikinku, ya raya abin da aka samu. Amsar tana cikin labarin naku. Darajar Arfa ba ta rataya ga abin da kuka ji ba. Hajji shi ne Arfa, wanda ya tsaya a lokacinsa ya samu, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Lada ba a auna shi da tashin tsigar jiki, kuma sau da yawa ibadar da aka yi da busasshiyar zuciya ana daurewa ta fi wadda aka ji daɗinta tsarkin niyya. Abin da ya faru a asibiti kuwa Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Namli: wane ne ke amsa wa wanda ke cikin matsuwa idan ya kira Shi? Matsuwar ce ta buɗe ƙofar, ba barandar ba. Wannan ma amsa ce ga Hajiya Rabi. A Television kuna cikin talauci, kuna gefen uwa, zuciya ba ta da wani abin dogaro. Ba siminti kike kewa ba, wancan halin kike kewa.

Malam Tijjani T/Wada:
Kun yi bayani mai kyau Malam. Saura tambaya ɗaya, kuma don Allah ku amsa da zuciya ba da littafi ba. Ku ba ku da wurin da in kun shiga sai kun ji wani abu?

Malam Sani Rigasa:
Ina da shi. Masallacin Sultan Bello.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ɗora ni a bayan keke da azumi mu tafi Unguwar Sarki tafsirin Malam Abubakar Gumi. Yaran yanzu ba za su gane girman abin ba. Masallacin nan tun zamanin Sardauna yake, 1962, kuma abin da ake karantawa a cikinsa Rediyon Kaduna ke ɗauka ya kai har Nijar da Kamaru da Chadi. Mutum na ƙauyen da ba lantarki, ya sa batir a rediyo, ya ji abin da mu muke ji muna zaune a gaban Malam. Ni lokacin ba na gane rabin abin da ake faɗa. Abin da na riƙe shi ne muryar mai jan baƙi, da shirun dubban mutane in Malam ya fara fassara, da hannun mahaifina a kan gwiwata don kada in yi gyangyaɗi. Malam ya rasu a 1992, mahaifina ya bi shi ba da daɗewa ba, an yi wa masallacin gyare-gyare. Amma har yau in na je, ƙafata da kanta take kai ni ɓangaren da muke zama. Ba na cewa salla a nan ta fi ta sahun gaba lada, ba ta fi ba. A nan dai nake tuna wanda ya fara kawo ni, in yi masa addu'a.

Malam Tijjani T/Wada:
Allah ya jiƙan magabata. Mu ma haka muke ji da wurin tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, da rediyon ke sakawa shi ma a lokacin, cikin watan azumin. Gida ɗaya sai ka ga wa yana sauraron wannan, ƙane yana sauraron wancan, a sha ruwa a kwano ɗaya. Abin da nake nufi tun farko ke nan Malam: wuri igiya ce da ake ɗaure tunawa da ita, don ɗan'adam mai mantuwa ne. Wanda ya bauta wa igiyar ya ɓata, wanda ya tsinke ta kuma abin da aka ɗaure zai tafi.

Bature Bazazzagi:
Ni inda nake so a duba daban ne. Muna ta cewa muna son wurare, amma me muke yi musu? Masallacin fadar Zazzau, wanda Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, masana gine-gine daga ƙasashen waje sun sha zuwa su kalli yadda aka ɗaure bakan gizonsa da azara da ƙasa. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe ya rufto kan mutane suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Ina da ɗan'uwa da ke cikin masallacin ranar, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ginin ƙasa yana son yaɓe da duba duk bayan damina, kakanninmu sun san haka, akwai magina na gado da aikinsu ke nan. Mu muka gaji alfaharin muka bar aikin. Haka Gidan Arewa da ke Rabah Road, inda aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966: mutum nawa a zauren nan suka taɓa kai 'ya'yansu? Gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, tana nan a lambun Gamji, yara na hawa ba su san mece ce ba. Ku je masallacin unguwarku ku ɗaga kai ku dubi silin, ku zagaya ku ga wurin alwala. Kewa ba ta toshe yoyo.

Alhaji Garba Tela:
Bature ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani lokacin ma ba sakaci ba ne, ci gaba ne ke cinye wuri. A Kasuwar Bacci na koyi ɗinki. Tsakanin layin teloli da na 'yan gwanjo akwai wani ɗan fili da muke shimfiɗa buhu mu yi jam'i, limaminmu mai sayar da maɓalli da zare ne. An ce kasuwa ce mafi ƙin wurare a wurin Allah, to mu a cikinta muka koyi ajiye almakashi in an kira salla ko da mai kaya na tsaye a kanka. Da aka rushe kasuwar a 2020 an sake gini, ginin ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Amma jama'ar wancan sahun sun watse, wasu Rigasa, wasu sun koma ƙauye, wasu jarin ya karye. Bulo ana mayar da shi, sahun ne ba ya dawowa.

Zainab ɗaliba:
Iyaye ina ta karantawa, kuma gaskiya kishi nake ji. Ni bayan rikicin aka haife ni. Ban san Kadunan da kuke magana a kai ba. Masaƙun Kakuri a rufe na tarar da su, jiniyar da Hajiya ta ambata ban taɓa ji ba. Kudancin gari ta gilashin mota kawai na san shi in za mu Abuja, shi ma sau da yawa ta baifas muke bi ko mu hau jirgi a Rigasa. Tafsiri a waya nake saurara, da abin ji a kunne, yau wannan malami gobe wancan. Ina salla, ina karatu, amma in aka ce in nuna wuri ɗaya da na haɗu da Ubangijina ban san inda zan nuna ba. Mu me za mu ba 'ya'yanmu labari?

Hajiya Rabi U/Rimi:
'Yata Zainab, Innarmu ba ta san tana gina mini wani abu ba, ita dai wuri ɗaya ta riƙe ba ta canzawa. Ki zaɓi kusurwa a ɗakinku, ki ajiye sallaya da Alƙur'ani na takarda, wayar ki bar ta a waje. Da azumi ki bi 'yan'uwa mata ku je tafsiri da ƙafarku, ki zauna kusa da tsofaffi ko da zafi ya dame ki. Ba a gane wurin sai an daɗe ana komawa.

Malam Sani Rigasa:
Wannan shawara tana da asali. Sahabi Itban bin Malik da ganinsa ya yi rauni ya roƙi Annabi (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani gefe don ya riƙe shi wurin sallarsa, kuma Annabi ya je. An kuma hore mu kada mu mayar da gidajenmu maƙabartu, a dinga nafila a cikinsu.

Alhaji Garba Tela:
Tunda an ambaci maƙabarta, akwai abin da ke nuƙurƙusa ta ban taɓa faɗa a nan ba. Mahaifina a can kudancin gari aka binne shi, gefen su Baba Iliya, lokacin muna zaune a can. Tun da muka tashi ban sake tsayawa a kan kabarinsa ba. Ina yi masa addu'a kullum, na san tana isa daga ko'ina, Malam ba sai kun tuna mini ba. Amma ban san ko wurin na nan ba, ko ciyawa ta cinye, ko an yi gini a kai. Kuma ni kaɗai da hula da gemu in shiga unguwar da ba wanda ya san ni ina leƙe-leƙe, ban san yadda za a ɗauke ni ba.

Malam Sani Rigasa:
Alhaji, ziyarar maƙabarta sunna ce, an ce mu ziyarce ta don tana tuna lahira. A yi sallama, a roƙa musu gafara, ba a roƙon su. Wannan tafiya ce da ni ma zan bi ku.

Baba Iliya S/Tasha:
Alhaji, na san wurin da kake nufi. Yana nan, ba a yi gini ba, sai dai katangar ta zube ta gefe ɗaya kuma ciyawa ta yi yawa. Mai unguwar abokina ne, tare muke zama da yamma. Ka zo gidana tukuna ka sha ruwa, ni zan shige gaba, ba mai tambayar ka. Ni ma ina da bukata irin taka. Ɗana na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ƙarami, a can gefenku yake kwance, uwarsa har ta rasu tana maganar zuwa.

Malam Tijjani T/Wada:
Baba, wannan a wuyana yake. Ku faɗi rana, ni da yarana za mu tare ku a Tudun Wada, mu raka ku har wurin, ku yi addu'arku yadda kuka saba mu tsaya daga gefe. Daga nan in kuna so mu bi ta tsohon layinku ku ga tagar.

Abdul Direba Kawo:
Ni har yanzu ina kan ra'ayina, amma motar tawa ce, ba wanda zai biya ko sisi. Asabar ba na fita da wuri.

Ladi Narayi:
Zan yi wa matasan cocinmu magana su zo da adda da fartanya don ciyawar maƙabartar su Alhaji. A gaya mini ƙarfe nawa.

Zainab ɗaliba:
Baba Iliya, in Mama ta yarda zan iya biyo ku? Ba sai na shiga maƙabartar ba, in tsaya a gidanku wurin jikokinku.

Baba Iliya S/Tasha:
Ki zo 'yata, ki ce wa Mamanki ta kira ni mu gaisa. Abdul, ka fara ɗaukar Alhaji da Malam Sani, ku iso nan da hantsi kafin rana ta yi zafi, mu gama da wannan gefen. Bayan Azahar sai mu tsallaka wurin Malam Tijjani. Wanda ke da siminti ko bulo da ya rage masa a gida ya sanar da Ladi, a ga abin da za a iya yi wa katangar kafin damina.